Kafintan da Ya Ɗaure Idonsa

Kafin rana ta leƙo tsakanin dogayen benaye, Baba Rage ya riga ya buɗe shagonsa, wani ɗan lungu a ƙarƙashin matakala, wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya yi wa ɗaya uzuri. Zai share ƙasa tas, ya goge teburin aikinsa da tafin hannu kamar mai lallashin yaro, sannan ya bi bango da kallo. Zarto na rataye a ƙusarsa, guduma a tata, tef ɗin awo a tasa. Bayan wannan babu komai sai kujera ɗaya mai naɗewa da butar shayi. Baƙo ya taɓa leƙowa ya yi masa jaje, a zatonsa ɓarayi ne suka yashe shagon.

Sunan nan ma aikinsa ne ya jawo masa. Duk gidan da aka kira shi, kafin ya taɓa katako sai an ji ya ce, "A rage kaya tukuna." Tun ana ce masa Rage-Kaya a bayan ido har aka yanke, aka koma Baba Rage, shi kuma ya amsa. 'Yan'uwansa kafintoci sun daɗe suna yi masa tsiya, wai ba su taɓa ganin mai sana'ar da ke kashe wa kansa kasuwa irinsa ba. A kira ka ka ƙera kabad uku, ka je ka hana, ka dawo ka kafa kanta ɗaya a bango kana murna! Shi dai murmushi yake yi ya ci gaba da goge katakonsa.

Yanzu gwiwoyi sun ƙi. Matakalar da ya yi shekara da shekaru yana hawa da katako a kafaɗa ta fara gagararsa, kuma a ƙarshen watan nan zai rufe shago. Shi ya sa ya kamata a faɗi alherinsa tun yana ji da kunnensa.

Unguwar da yake aiki ta gidajen bene ce na haya, ɗaki da falo, banɗaki da ɗan kicin wanda in an buɗe ƙofar firji sai mai girki ta ja da baya. Mutanen da ke ciki kuwa da yawansu daga gidaje masu faɗi suka taso, suka taho da idon babban gida suka shiga ƙarami. Sai ka tarar da kujeru shida a falon da ko uku sun yi masa yawa, da teburin tsakiya wanda ba ya tsinana komai sai cin ƙwaurin masu gida, da akwatuna a kan sif har suna taɓo silin. Iska ta zo taga ta leƙa, ta ga babu hanya, ta koma.

Baba Rage yana da hanyarsa. A aljihun rigarsa akwai wani baƙin ƙyalle da ya koɗe don wanki. In ya shiga gida ba ya awo, ba ya tambayar abin da ake so a ƙera. Sai ya miƙa wa mai gida ko uwar gida ƙyallen, ya ce a ɗaure ido, a tashi daga bakin gado a je ƙofa, daga ƙofa a je taga. Duk abin da ƙafa ta yi karo da shi, sai ya tambaya, "Wannan yaushe rabon da ya yi muku amfani?" Ba ya cewa a zubar. Zama yake yi a kujerarsa mai naɗewa, ya bar mutum da ƙwaurinsa mai zafi su yanke shawara.

Da wannan ƙyallen ya samar wa wata malamar makaranta wurin shimfiɗa darduma, bayan ta daɗe tana salla a tsakanin gado da bango a karkace. Da shi ya sa wani tela ya gane cewa kekunan ɗinki biyu da suka mutu ba gado ba ne da zai bar wa 'ya'yansa. Ya ƙera gadajen da ke naɗewa su jingina da bango da safe, da tebur mai saukowa lokacin cin abinci ya koma ya lafe. Akwai yaran da a falon da ya buɗe suka koyi rarrafe, alhali yayyensu a kan gado suka koya don babu ƙasa.

Amma in aka tambayi mutanen wani bene mai launin toka a unguwar aikin da ba za su manta ba, labarin tsohon direba za su bayar, kuma da kuskure labarin ya fara.

Tsohon ya yi rayuwarsa yana jan babbar mota a dogayen hanyoyi. Bayan rasuwar matarsa idonsa ya fara dushewa sannu a hankali har ya rufe, sai ɗansa ya ɗauko shi ya dawo da shi wurinsa a hawa na uku. Ɗan da matarsa, wadda kowa ke kira Maman Biyu saboda tagwayen 'yan matanta, suna kwana a ɗaki da yaran, tsohon kuma a falo. Kaka suke ce masa, har iyayen ma. Abu ɗaya ya taho da shi daga tsohon gidansa, wani ƙaton sif na tufafin marigayiya mai ƙofa uku, wanda ya ƙi shiga ɗaki, aka jingina shi a falo ya toshe rabin taga.

Falon kuwa ya riga ya cika da kujerun Maman Biyu, waɗanda take ji da su kamar me, da teburin gilashi, da kabad na kwanukan da ba a ci a cikinsu. Kullum Kaka cikin karo yake. Rannan ya tashi zai je banɗaki, ƙafarsa ta harɗe da ƙafar tebur, ya faɗi goshinsa ya fashe. Da labari ya kai wa babbar 'yarsa, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ta bugo waya tana kuka, ta ce ƙarshen wata za ta zo ta tafi da mahaifinta, ba za ta zuba ido teburi ya kashe mata uba ba.

Kaka ba ya son tafiya. A nan kabarin matarsa yake, a nan tsofaffin abokansa ke hawowa su yi hira, a nan tagwaye ke hawa cinyarsa suna ja masa gemu. Ya ce in aka kai shi can, gawa aka kai. Wannan ne ya sa Maman Biyu ta sauko da kanta ta yi sallama a ƙofar shagon Baba Rage.

Ya hau, yana hutawa a kowane hawa. Ya gaishe da tsohon, ya buɗe kujerarsa a bakin ƙofa, ya miƙa wa Maman Biyu ƙyalle.

"Baba, ni fa na san falona kamar tafin hannuna," in ji ta tana dariya.

"To ai shi ke nan, 'yata, abin ya zo da sauƙi. Ɗaura."

Ta ɗaura. Ba ta yi nisa ba gefen teburin gilashi ya sami ƙwaurinta, ta ce "Wash!" Ta kauce, hannun kujera ya tare ta a cinya. Ta miƙa hannu neman bango, kabad ɗin kwanuka ya yi ƙara kamar zai zubo mata. Ta tsaya cak. Da ta kwance ƙyallen dariyar ta tafi, idonta ya ciko. Ta dubi surukinta da ke zaune shiru da filasta a goshi.

"Kaka, haka kake fama kullum, ba ka taɓa faɗa ba?"

"Gidanki ne, 'yar nan," ya ce. "Baƙo ba ya cewa a ɗage kujera."

A makon nan ta rabu da kujeru huɗu da teburin da kabad ɗin, kuma duk wanda ya san yadda take ji da su ya san ba ƙaramin abu ta yi ba. Saura sif. Baba Rage ya dube shi, ya dubi tagar da ya toshe, ya ce shi ma ya fita. Ɗan ya goyi baya. Kaka ya ce a bar masa kayan matarsa, aka yi ta lallashi, aka ce ba sayarwa za a yi ba, ajiya ce a shagon kafinta. Daga ƙarshe ya yi shiru, su kuma suka ɗauki shirun a matsayin yarda. Ƙarti huɗu suka sauke shi, ya cinye shagon Baba Rage har ba shi da wurin juyawa.

Falo ya buɗe. Haske ya shigo har bakin kicin, iska ta sami hanya, tagwaye suka yi ta tsere daga bango zuwa bango. Maƙwabta suka riƙa hawowa kallo suna cewa ashe ɗakin nan babba ne. Baba Rage ya sauko yana jin daɗin kansa, don a ganinsa bai taɓa aikin da ya kai wannan tsafta ba.

Ba a rufa mako ba Maman Biyu ta sake sallama a shagon, fuskarta babu walwala.

"Baba, Kaka ya daina tashi. Da ko yana karo yana zuwa banɗaki da kansa. Yanzu sai an kama hannunsa. Jiya da safe na fito na same shi tsaye a tsakiyar falo, ya miƙa hannuwa yana juyawa, bai san ina ne gabas ba. Ya daɗe a haka, kuma kunya ta hana shi kira." Ta sunkuyar da kai. "Da bakinsa ya ce a buga wa Yaya, babbar 'yarsa, waya ta zo ta ɗauke shi."

Baba Rage ya ajiye abin da ke hannunsa, ya bi ta. Ya sami tsohon a zaune a kan katifa, ya haɗa kai da gwiwa.

"Yaya Direba, me ya faru? Na share maka hanya, ka ƙi bi."

"Kafinta, ka taɓa tuƙi?"

"Ko keke ban iya ba."

"Shi ya sa. Hanya mai ramuka ba ta ɓatar da direba, don kowane rami ya san shi, yana gaya masa inda ya kai. Wadda ke ɓatarwa ita ce shimfiɗaɗɗiya, babu bishiya, babu allo, babu kwana. Da in na tashi, kujera ta buge ni, na san na yi hagu da yawa. In na taɓa sif, na san ga taga, banɗaki na bayana. Ina jin ciwo, amma na san inda nake. Kun kwashe mini alamun hanya, kun bar ni a fili. Kuma sif ɗin nan, kullum da safe shi nake fara taɓawa. Ba ku tambaye ni ba."

Maganar ta shigi Baba Rage har ƙashi. Shekara da shekaru yana ɗaure wa masu ido ido, ga mutumin da ya fi kowa sanin duhu a zaune a gabansa, bai tambaye shi komai ba. Ya zaro ƙyallen daga aljihu, ya ɗaure nasa idon, abin da bai taɓa yi ba tun da ya fara wannan dabara. Ya tsaya a gefen katifa ya nufi inda yake zaton ƙofar banɗaki take. Ya yi ta tafiya da hannu a miƙe, babu abin da ya taɓa. Da ya kai bango, ashe taga ya dosa. Tagwaye suka ƙyalƙyale da dariya, uwarsu ta harare su.

Ya kwance ƙyallen, ya durƙusa a gaban tsohon duk da gwiwoyinsa.

"Yaya, na yi maka laifi. Na gyara ɗakin don idona, ban gyara don hannunka ba. Ka yafe mini. Kuma ina roƙon abu guda, in ka hana na haƙura. Ka ba ni izini in yanka sif ɗin."

Tsohon ya ɗago kai da sauri. "Ka yanka? Kayan matata?"

"In na mayar da shi yadda yake, zai sake toshe taga, 'yarka ta zo ta ga wurin karo, ta tafi da kai. In ya zauna a shagona, kai da shi kun rabu. Amma in ka yarda, zan dawo maka da shi duka, ba zan zubar da ko tsinke ba, kuma kullum da safe shi za ka fara taɓawa."

Kaka ya ce, "Ƙofar tsakiya, mariƙinta ya karye tun yaran nan suna ƙanana. Na yi ta cewa zan kira kafinta, ban kira ba har ta rasu. Kada ka gyara wurin."

"Ba zan taɓa shi ba."

Kwanakin da suka biyo baya shagon bai buɗe wa kowa ba. Baba Rage ya warware sif ɗin a hankali, ya tsaga katakon dogo-dogo, ya goge kowane sili har babu inda zai soki hannu. Da ya zo kan ƙofar tsakiya ya ga abin da tsohon ke nufi. Tun da mariƙi ya karye, da yatsu marigayiya ke jan ƙofar, kuma shekaru sun sa yatsun nata sun cinye gefen katakon, sun bar ɗan kwari mai santsi. Ya yanko wurin shi kaɗai ya ajiye gefe.

Ya hau da katakon kaɗan-kaɗan. Wannan karon bai kafa ƙusa ko ɗaya ba sai da ya sa tsohon ya miƙe ya nuna daidai inda hannunsa ke sauka a bango. A nan ya kafa madafa, doguwar sandar katako da ta tashi daga kan katifa ta bi bango ta kai banɗaki, ta zagaya ta kai taga, ta wuce kicin, ta ƙare a ƙofar fita. Kusa da kowace ƙofa ya yi ɗan tsagi da yatsa zai ji, kuma Kaka ne ya zaɓi alamar kowanne. Ragowar katakon ya zama benci a ƙarƙashin taga, mai murfi, kayan marigayiya na ciki. Ƙasan falon kuwa yana nan fili yadda yake.

Da aka gama, Baba Rage ya ce, "Yaya, bismillah. Miƙa hannun dama."

Tsohon ya miƙa. Yatsunsa suka sauka a farkon madafar, suka faɗa cikin ɗan kwarin nan daidai wa daida. Ya tsaya. Ya sake shafawa. Hawaye suka gangaro cikin gemu, bai share ba.

"Hannunta ne," ya ce.

Maman Biyu ta juya ta shige kicin da gefen mayafi a fuska. Kaka ya miƙe tsaye, ya bi katakon, tun yana ja da ƙafa har ya saki jiki, ya kai taga, ya zauna a benci, iska na kaɗa masa riga. Sai ya juyo da dariya cikin hawaye ya ce, "Kafinta, hanyar nan taka ta fi ta gwamnati kyau."

Ƙarshen wata babbar 'yar ta iso da mota da shirin tafiya. Tana zama, mahaifinta ya ce, "Kin sha hanya, bari in kawo miki ruwa." Ta yunƙura za ta hana, ƙaninta ya riƙe ta. Tana kallo tsohon ya tashi, ya dafa bango, ya shiga kicin, ya dawo da kofi a hannun hagu ko ɗigo bai zuba ba. Ta karɓa ta kasa sha. Ta kwana biyu, ta koma ita kaɗai, kuma Kaka yana nan a hawa na uku har yau, yana yi wa tagwaye labarin hanyoyin da ya bi.

Baba Rage, kai ne ka koya wa unguwa guda cewa ɗaki na mutanen cikinsa ne kafin ya zama na kaya. Kai ne mai hana a ƙera, alhali da ƙira kake ci. Amma abin da ya fi girma a wurinmu shi ne ranar da ka durƙusa da furfurarka a gaban makaho ka ce ka yi kuskure, a daidai lokacin da kowa ke yaba aikin. Da ka so, da ka ce tsufa ne ya kama shi, kuma babu mai musa maka. Tun daga ranar, duk gidan da ka shiga, kafin ka zaro ƙyalle sai ka nemi wanda ya fi kowa rauni a gidan, tsoho ne ko mai ciki ko mai rarrafe, ka fara da shi. Rage kaya ka iya tun kana saurayi, amma sanin abin da ba a ragewa da tsufanka ka koye shi, kuma ba ka ji kunyar koyo ba.

Mun gode, gwanin zarto. Allah Ya huta da gwiwoyin nan, Ya saka maka da faɗin da ka samar wa mutane a cikin ƙunci. Matasan kafintoci da za su gaji unguwar, ku ɗauki halinsa kafin ku ɗauki ƙyallensa. Mu kuma masu ɗaki da falo, kowa ya duba gidansa ya ga wa kaya suka takure a lungu yana shiru don kara, ya je ya tambaye shi.

Da labarin rufe shagon ya kai hawa na uku, Kaka ya aiko Maman Biyu da saƙo. Ya ce a gaya wa Kafinta kada ya wahalar da gwiwarsa ya hawo sallama, shi zai sauko. Matakala ma ai tana da madafa, in ji shi, kuma tun da safe, da ya taɓa ɗan kwarin nan, marigayiya ta riga ta riƙe masa hannu.